Takin Onarabul

Turken simintin ya tsiro a tsakiyar gonar Muntaka tun kafin ruwan farko ya sauka, shi ne kuma abu na farko da ya taɓa fitowa a gonar ba tare da an sha wahala a kansa ba. Ma'aikatan awo ne suka kafa shi, suka shafa masa jan fenti, suka ce daga nan har bakin titin Minjibir za a yanka filaye a gina rukunin gidaje. Takin da Muntaka ya kwashe rani yana jigila da jaki yana nan tsibi-tsibi, bai baza ba. Wa zai ciyar da ƙasar da za a malale da kankare?

Ya san wanda ya jawo. Tun da matarsa Hure ta rasu, rediyo ta zama abokiyar hirarsa, ba ya bari shirin zaman majalisa ya wuce shi. Shekara huɗu yana kasa kunne ko zai ji muryar wakilinsu, Onarabul Kamaruddeen. Ya ji ta ranar da aka yi maganar sababbin motocin 'yan majalisa. Ya ji ta tana roƙon a gina ƙofar gari mai fitilu, a garin da ba shi da ganuwa. Ranar muhawara kan asibitocin karkara, aka ce ya tafi Umara. Ranar ƙudurin gidajen kuwa shi ya fara miƙewa ya goyi baya, har da cewa matasan mazaɓarsa sun gaji da fartanya.

Da zaɓe ya matso, aka aiko cewa Onarabul zai zo gaisuwa bayan azahar. A al'adar garin, idan babban baƙo ya zo, baki ɗaya ne ke magana da yawun kowa. Dattawa suka zaɓi Dogo, taubashin Muntaka, wanda ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai an miƙa masa lasifika.

"Abu ɗaya za ka tambaye shi," in ji Muntaka. "Zai koma majalisa ya janye bakinsa daga gonakinmu, ko a'a?"

"Kai da gaisuwarka ma kamar sammaci, kai za ka koya mini magana?"

"Na dai san ka. Ran auren Bilkisu sai da tuwo ya huce kafin ka gama gabatar da waliyyi."

"Ba a tarar baƙo da ƙorafi, ɗan rediyo. Sai an sanyaya masa rai tukuna. Kai dai zauna ka ga aiki."

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, aka jira har inuwa ta juya. Sannan motoci suka iso. Onarabul ya fito ya fi yadda yake a fosta ƙiba, ya durƙusa wa dattawa, babbar rigarsa tana sharar ƙasa.

Dogo ya gyara murya. Ya gode wa Allah, ya yi salati, ya gaishe da mai unguwa da liman da na'ibin liman. Ya yi wa mahaifin Onarabul addu'a, ya tuna butocin da marigayin ya taɓa kawowa masallaci. Ya yaba ƙofar gari, wadda a cewarsa har mutanen Gezawa suna zuwa kallo. Ya yaba rijiyar burtsatsen da ta ba da ruwa ranar da aka buɗe ta. Muntaka ya yi tari. Dogo ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwayo ba, ya shiga lissafa kakannin Onarabul na wajen uwa.

"To, ranka ya daɗe," ya ce daga ƙarshe, "akwai wata 'yar magana da jama'a..."

Ladan ya ɗaga murya da kiran la'asar. Ba mai magana a kan kiran salla. Kowa ya miƙe neman buta.

Onarabul ya yi salla a sahun farko. Ana sallamewa ya bi ta ƙofar liman, ya ce ana jiransa a wani ƙauyen. Muntaka ya kutsa cikin mutane, takalmi a hannu, ya cim masa ya riga ya shiga mota.

"Ranka ya daɗe, gonakinmu."

"Haba Baba, ai noma ne kan gaba a manufofina. Sha'aban, a ba Baba nasa."

Sha'aban, mai riƙe masa jaka, ya ɗora wa Muntaka wani ɗan buhu a hannu. Takin zamani ne, da hoton Onarabul a jiki yana murmushi.

"A wace gonar zan zuba?" in ji Muntaka. Gilashin ya riga ya rufe.

Dogo ya iso yana share gumi, nasa buhun a hammata. "Ka ga yadda ya ji daɗi? Yanzu ƙofa a buɗe take. In ya dawo sai mu shigar da maganar."

"Ƙwarai. Nan da shekara huɗu. Ka fara gabatarwar tun yanzu."

Muntaka bai bi ta gida ba, ya wuce gona. Hadari ya haɗo daga gabas, maƙwabta wasu suna baza taki, wasu suna tsaye kamarsa suna kallon turakun da suka jeru har titi. Ya warware bakin buhun, ya zazzage shi duka a gindin turken, ya tattara ƙasa da ƙafa ya rufe a hankali, yadda ake yi wa dawa. Turken nan kaɗai Onarabul ya shuka a gonar.

Yayyafi ya fara sauka a kan tsibin takinsa. Muntaka ya tsaya, buhun da babu komai a hannunsa, yana duban fartanyar da ya bari jingine da kuka.