Albasa Ba Ta Kuka

"Danna baya mu gani," in ji Maccido daga bakin zaure, inda aka jingina shi da filo biyu.

Zayyanu bakanike ya fito daga ƙarƙashin a-kori-kurar, ya danna bayanta da hannu biyu, ya saki. Ta yi ƙasa, ta dawo sau ɗaya, ta tsaya cak.

Motar ta Maccido ce, maƙwabcinsa katanga ɗaya a Wurno. Shekara ashirin yana jigilar albasa da ita daga Goronyo. Yanzu ƙoda ta kwantar da shi. Sau biyu a mako Zayyanu ke kai shi Sakkwato wankin ƙoda, kwance kan katifa a baya, don ƙafafun sun kumbura, zama a gaba ya gagara.

Shekaranjiya ne Turai, matar Maccido, ta tare shi a ƙofa.

"Malam Zayyanu, duk ramin da munka hwaɗa sai maigida ya cije wuyan rigatai don kar ka ji. Babu abin da ake yi ma motag ga?"

 Zayyanu ya hau kabu-kabu ya je birni, ya dawo da shokozoba huɗu, manya, masu gas, masu shanye girgizar mota. Yini guda ya yi yana fama da notunan da tsatsa ta cinye.

Maccido ya dubi tsofaffin da aka jefar a ƙasa, baƙin mai na tsiyaya daga jikinsu.

"Shekara nawa kana hwaɗa min in sake su, ina ce maka albasa ba ta kuka?" Ya yi dariya, tari ya tsinke ta. "Ashe jira suke ni in zama kayan."

"Gobe za ka ji daɗin hanya, Yaya."

"Hanya dai. Wurin zuwan hwa, mi ya sake?"

Washegari da hantsi suka tashi. Motar ta riƙa haɗiye ramuka ba ƙara, ba girgiza. Zayyanu yana ta duban madubi. Sau ɗaya Maccido ya ɗago hannu ya jinjina masa, har Zayyanu ya ji wani sanyi a ransa.

Sun wuce Achida kaɗan Turai ta ƙwanƙwasa gilashi daga baya. Ya gangara gefe, ya zagayo da gudu. Ta riga ta rufe wa Maccido ido.

"Juya mu koma gida," ta ce.

Ya yi salati, ya tsaya riƙe da ƙarfen motar har ta sake faɗa.

Ya juya. Wata tirela ta danno musu oda a baya, ya ba ta hanya. A madubi yana ganin Turai zaune ta miƙe ƙafa, ta danne bakin mayafin da ta lulluɓe mijinta da shi da tafin hannu, kada iska ta yaye.