Waya ta Bakwai

Farfesa ya riga ya miƙa hannu zai kashe firjin, Injiniya ta sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni awa ɗaya."

"Kwana tara kina faɗin haka. Guntun nan ya lalace. Mu ɗumama, mu ciro shi, masu jira su sa nasu."

Firjin farar tukunya ce mai tsawon mutum, rataye a tsakiyar ɗakin bincike. Cikinta ya fi sararin samaniya sanyi. A can gindinta guntun yake, bai kai girman farce ba, da siraran hanyoyi na alminiyom waɗanda lantarki ke gudu a cikinsu ba turjiya saboda tsananin sanyin. Shekara biyu Injiniya ta yi tana ƙera shi don ya karkatar da igiyar maikirowef dama ko hagu, yadda aka umarce shi. Mahaifiyarta har gobe tana gaya wa maƙwabta 'yarta gyaran na'urar ɗumama abinci take yi.

In aka kashe firjin yau, sai bayan wata shida layi zai dawo kanta. Aikinta kuwa saura wata huɗu ya ƙare.

"Guntun lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Duk sanda aka rufe ƙofa da ƙarfi, layin awon da ke kan allo sai ya yi tsalle. Ciwon a waje yake."

Dogo, mai kula da injuna, ya yi dariya. "Farfesa, ni tun bara na daina musu da ita. Ba riba."

Farfesa ya dubi agogo, ya janye hannunsa.

Ta hau tsani da ƙaramar sifana, ta bi wayoyin saman firjin ɗaya bayan ɗaya. Shida suna nan daram. Notin ta bakwai ya juya rabin zagaye kafin ya kama.

Kafin ta sauko layin ya kwanta luf. Ta danna dama, igiyar ta fito ta dama. Ta danna hagu, ta koma hagu. Sau ashirin, ba kuskure.

Farfesa ya daɗe yana kallon saman firjin.

"Wannan ta bakwai, ni na ɗaura ta, ko?"

"Ranar Litinin ta makon jiya, ranka ya daɗe."

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya gyara tabarau.

"Dogo, gaya wa masu jira su ƙara haƙuri. Injiniya, sake dannawa in gani."