Gurbin da Fentinsa Bai Goge Ba

"Wanne ne ya karye?" kafinta ya tambaya, guduma a hannu, fensir a bayan kunne. "Yi sauri, masu otal na jiran kujerunsu."

"Yau Lahadi fa, mijin Yaya."

"Katako bai san Lahadi ba."

Ƙanwar matarsa ta harare shi, irin hararar wasan da suka saba, sai dai idanunta a kumbure suke. Tun da aka binne yayarta kuka bai bar ta ba. Ita ta kira shi majami'a da sassafe, wai benci ya lalace.

Shi ya ƙera bencinan nan kaf, amma bai taɓa zama a kansu ba. Duk Lahadi marigayiya takan tsaya a ƙofar shagonsa cikin kwalliya, shi kuma ya ce, "Bari in gama wannan." Sai ta ce, "Maigida, fara neman Allah, kujeru za su biyo ka." Ya yi dariya, ya ci gaba da jan zarto.

Ƙanwar ta kai shi bencin da ke jikin taga. Ya girgiza shi, ya duƙa ya duba ƙafafun. Lafiya lau.

"Ke, yau ma tsokanar ce?"

"Dubi sama, ba ƙasa ba. Ba kai ne gwanin katako ba?"

Ya shafa da tafin hannu. Ta jikin bango fenti ya goge har katako ya yi santsi: nan take zama. Can gaba ma duk ya koɗe. Amma dab da wurinta akwai gurbin mutum ɗaya, yana sheƙi kamar jiya ya shafa masa fenti.

"Mayafinta take ninkewa ta ajiye a nan," in ji ƙanwar. "Ko majami'a ta cika maƙil, sai ta ce, 'Da mai shi, yana hanya.' Har da matar fasto sun yi a kai. Mu kuwa muna ta yi mata dariya, wai mai shi a bayan kunkuru yake tafe."

Wayarsa ta hau ruri a aljihu. A waje aka buga ƙararrawar sujada. Hawaye ya ɗiga a kan fentin, ya sa hannun riga ya goge a hankali.

Ya ajiye guduma a ƙarƙashin benci, ya amsa wayar. Mai otal ne.

"Ranka ya daɗe, kujeru sai gobe. An daɗe ana riƙe mini wuri. Yau zan zauna."