Wa Ya Buga Gangar Waƙa ta Uku?

Tun da suka sauka daga bas a unguwar Ringön ta birnin Göteborg Torkel yake neman bakin da zai faɗa wa wansa maganar, har suka iso ƙofar sutudiyo bai samu ba. Wan nasa, Sixten, na tafe a gaba, hannuwa cikin aljihu, yana ɗan jan ƙafar hagu a cikin ƙanƙarar da ta narke ta zama caɓi. Sai fito yake yi. Rabon da Torkel ya ji shi yana fito tun suna yara.

Safiyar Asabar ce, cikin watan Maris na 1996. A ranar ne za su saurari faifansu na farko daga farko har ƙarshe, sannan su kai tef ɗin tashar jirgin ƙasa, inda wakilin wani ƙaramin kamfanin faifai zai karɓa ya wuce da shi Stockholm a jirgin uku da minti goma.

Su huɗu ne a ƙungiyar kiɗa ta Frostkaj. Torkel da Ylva ke riƙe da jita biyu, Malte yana buga jitar bas mai kaurin sauti yana gurnanin waƙa kamar wanda aka shaƙe a ƙasan rijiya, Sixten kuma shi ne mai ganguna. Shekara biyu suna kiɗa a gidajen matasa na Göteborg, wani lokaci gaban mutum goma sha biyar. Abin da ya ja hankalin kamfanin shi ne yadda jitocin nan biyu ke zuba kari mai taushi a kan rugugin ganguna, har mutum ya rasa ko kuka zai yi ko ya fasa kujera. Aka ba su kwana goma sha biyu a sutudiyon wani dattijo mai suna Östen, su ɗauki waƙa takwas.

Bakwai sun tafi lafiya. Ta ukun ce, wadda suke kira "Ƙasan Gada", ta zama ƙaya. Ita ce mafi sauri, minti huɗu cur ƙafafun mai ganga biyu suna dukan manyan ganguna ba hutu. Ranar Litinin Sixten ya buga ta sau goma sha tara, kowane karo ƙafar hagu sai ta ja baya a tsakiyar waƙa. Ranar Laraba Östen ya kira Torkel gefe.

"Yaro, ba zan iya gyara wannan ba," in ji shi. "Ko ku cire waƙar, ko in kira wani mai ganga, Jarmo, ya buga ta. Mutumin kirki ne, ba ya surutu."

Torkel ne ya tsara waƙar, kuma ya san ita ce mafi kyawun abin da ya taɓa yi. Ranar Alhamis da hantsi, Sixten yana can tashar jiragen ruwa wurin aikinsa na sauke kaya, Jarmo ya zo. Ya saurara sau ɗaya, ya buga sau biyu, ya sha kofi ya tafi. Daga Torkel sai Östen suka sani.

Yanzu ga su duka a ɗakin haɗa sauti. Ylva ta kawo burodin kirfa a leda, Malte ya miƙe a tsohuwar kujerar fata ya ɗora takalmansa a kan tebur.

"Sauke kofatonka," in ji Östen. "Ba gidan uwarka ba ne nan."

"Gidan uwata ma ba a bari," in ji Malte, ya sauke.

Waƙa ta farko ta fashe daga lasifikoki. Ylva ta rufe ido, Malte yana ta kaɗa gashi yana bin muryarsa da baki. Sixten ya daki kafaɗar ƙanensa yana dariya. Torkel ya yi ƙoƙarin murmusawa. Ta biyu ta zo ta wuce. Ya ji zufa na gangarowa a hammatarsa, alhali ɗakin da sanyi.

Ta uku ta fara. Gangunan suka shigo a miƙe kamar keken ɗinki, ba tuntuɓe ko ɗaya.

"Kai!" Malte ya yi ihu. "Sixten, ashe kai aljani ne! Ran Litinin kamar tsohon doki, ji yadda ta fito!"

Sixten ya sunkuyo gaba, gwiwar hannu a kan cinya, ya karkata kai. Bayan kamar rabin minti ya ɗaga hannu.

"Östen, mayar da ita baya."

Östen ya dubi Torkel kafin ya taɓa na'urar. Wannan duban kawai ya isa, amma Sixten ya bari aka maimaita wurin har ƙarshe.

"Kashe," in ji shi. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fankar na'ura. "Bahago ne ya buga wannan. Ku saurari dukan farantin tagullar da ke saman ganguna, ta hagu yake shigowa. Ni ban taɓa shiga ta hagu ba a rayuwata."

"Wataƙila wurin haɗa sauti ne aka juya..." Ylva ta fara, sai ta ga fuskar Torkel, ta yi shiru.

"Waye?" Sixten ya tambaya. Östen ya buɗe baki, Sixten ya tsayar da shi. "Ba kai nake tambaya ba, tsoho. Ƙanena nake tambaya."

"Jarmo," in ji Torkel. Muryarsa ta fito siririya. "Ran Alhamis."

"Ran Alhamis." Sixten ya gyaɗa kai a hankali. "Ranar da na tashi daga aiki na saya maka sababbin wayoyin jita. Ka karɓa, ka ce na gode."

"Na so in faɗa maka."

"Yaushe? Bayan an buga sunana a bayan faifai? In tsaya gaban mutane suna cewa kai Sixten, yaya ka yi waƙa ta uku, ni kuma ina washe baki kamar wawa?"

"Ba ta yi ba, ɗan'uwa! Sau goma sha tara ka buga, kai ma ka ji ba ta yi ba!"

"To sai ka ce mini ba ta yi ba! Bakinka ciwo yake?"

Malte ya miƙe tsaye, duk wasan ya bar fuskarsa. "Tsaya tukuna. Wato mu ma an mai da mu 'yan kallo ke nan? Torkel, ƙungiyar ta koma taka kai kaɗai ba mu sani ba?"

Abin da ya fi ci wa Torkel rai shi ne, ko a wannan lokacin wani sashe na zuciyarsa na cewa gangar Jarmo ta yi kyau, kada a taɓa ta.

Sixten ya dubi agogon bango. Goma sha ɗaya da rabi.

"Östen, in na buga sabuwa, awa nawa kake bukata ka haɗa?"

"Awa ɗaya da rabi, in ban tsaya shan iska ba. In ƙarfe ɗaya ta buga ba mu samu ba, wannan da kuka ji ita za ta tafi."

"Kunna makirufo."

Ya shiga ɗakin ganguna, suna hango shi ta gilashi. Ya zauna, ya sunkuya zai cire takalmin aikinsa kamar yadda ya saba, don da safa yake bugawa. Na dama ya fita nan take. Na hagu ya ƙi. Ya kwance igiyar gaba ɗaya, ya cije leɓe ya ja. Ylva ce ta fara gani, ta tura ƙofa ta shiga, sauran suka bi ta.

Idon sawun ya kumbura har safar ta kusa yagewa. Da Ylva ta naɗe ta ƙasa, fatar ta yi baƙi-baƙi da shuɗi har tsakiyar ƙauri.

"Wayyo, Sixten! Mene ne wannan?"

"Katakon ɗora kaya ne ya faɗo mini. Ba komai."

"Yaushe?"

"Sati uku ke nan."

"Sati uku! Ka je asibiti?"

"In je su ɗaure ni da filasta, ku kira wani ya buga faifan?" Ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi, bai dubi Torkel ba. "Abin da nake gudu ke nan."

Ylva ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Ku biyun nan sai a hankali. Gida ɗaya kuke kwana, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu kamar ɓarayi."

"Ku fita," in ji Sixten. "Lokaci na tafiya."

Suka koma bayan gilashi. Östen ya kunna tef, jitocin suka shiga kunnen Sixten, ya ƙirga huɗu da sanduna ya afka. Minti na farko ya tafi daidai. Torkel ya ga kansa yana ƙirgawa a zuci, hannunsa damƙe da gefen tebur. A minti na biyu ƙafar hagu ta fara ja baya, kaɗan-kaɗan, har kowa ya ji. Sixten da kansa ya tsaya.

"Sake."

Na biyu ya kai minti biyu da rabi. Na uku bai kai minti ɗaya ba. Sha biyu da kwata ta yi, Malte ya fita waje ya cika leda da ƙanƙara ya kawo masa, ya ɗora a ƙafar na minti biyar, ya ture. A na huɗu rigarsa ta jiƙe sharkaf, jijiyoyin wuyansa suka fito, ya wuce minti uku. Torkel ya miƙe tsaye bai sani ba. Saura daƙiƙa arba'in, saura talatin, sai ƙafar ta zame daga kan fedar dukan ganga gaba ɗaya. Sixten ya yi wata ƙara da ta shigo ta makirufo goma a lokaci guda.

Östen ya rage sauti, ya ce a hankali, "Yaron nan zai nakasa kansa. Wani ya je ya tsayar da shi."

Torkel ya shiga. Warin zufa ya cika ɗakin. Sixten ya kifa goshi a kan ƙaramar ganga, kafaɗunsa na hawa da sauka.

"Saura minti ashirin," in ji shi ba tare da ya ɗago ba. "Ka ce wa Östen ya sake kunnawa."

"A'a. Mu cire waƙar." Torkel ya durƙusa a gefensa. "Bakwai sun isa. Zan faɗa wa mutumin kamfani da bakina. Ba na son ta, Sixten, na rantse maka ba na son ta kuma."

Sixten ya ɗago, idanunsa jajur. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ƙarya kake. Kana son ta, ni ma ina son ta. Kada ka yanka waƙa ka miƙo mini don in yafe maka, ba haka ake yi ba."

"To me zan yi?"

Sixten ya gwada motsa ƙafar, ya runtse ido. Ya ajiye sandunan a kan ganga, ya jawo makirufo kusa da bakinsa.

"Östen, kana ji na? Bar ta Jarmo. Amma ka ɗauko takardar sunaye. Ka rubuta a ƙarƙashin waƙa ta uku, ganguna, Jarmo. Da cikakken sunansa. In ban gani a rubuce ba, tef ɗin nan ba ya fita daga ginin nan."

"Kamfani ba za su so ba," muryar Östen ta fito ta lasifika. "Faifan farko, a ga baƙon mai ganga..."

"Su ƙi so."

"A rubuta," in ji Ylva. Malte ma ya ce a rubuta. Torkel ne ya karɓi biro ya rubuta da hannunsa, ya kawo wa Sixten ya karanta.

Takalmin bai sake shiga ba. Malte ya naɗe ƙafar da tawul da leda, Östen ya ba da makullin tsohuwar motarsa. Ylva da Malte suka ɗauki tef suka nufi tashar jirgi, Torkel ya tuƙa wansa zuwa asibiti. Suka haye gada. Sai da suka tsaya a danja sannan Torkel ya ce, "Ka yi haƙuri."

"Na ji," in ji Sixten, yana kallon waje.

Hoton ƙashi ya nuna tsagewa a wuri biyu. Likitar, wata mace mai furfura, ta tambaye shi abin da yake yi da ƙafar sati ukun nan. Da ya faɗa mata, ta cire tabarau ta dube shi, ta ce ta ga mahaukata da yawa amma yau ta ga shugabansu. Aka ɗaure shi sati takwas.

Faifan ya fito a watan Satumba, kwafi dubu ɗaya, da sunan Jarmo a ƙarƙashin waƙa ta uku. Wata mujallar matasa ta yaba shi, ta ware "Ƙasan Gada" ta ce ita ce zuciyar faifan. Sixten ya karanta a teburin kicin, ya tura wa Torkel. Bai bar ƙungiyar ba, amma a watan ya kama ɗaki shi kaɗai a unguwar Majorna, kuma daga nan duk abin da za a ɗauka a sutudiyo sai yana zaune a wurin, ko da ba ranar ganguna ba ce. Sai da aka shiga sabuwar shekara ƙafar ta yi ƙarfin da ya iya buga waƙar a gaban jama'a, a wani ƙaramin zaure a garin Borås, ya kai ta ƙarshe. Da suka sauko Torkel ya miƙa masa ruwa, ya karɓa ya sha, ya ce jitar Torkel ta yi sauri a baiti na biyu.