Dutsen da Goggo Ta Tsinta a Atina

Tun a falonsu na Abu Hail, kafin su bar Dubai, Alhaji Salmanu ya raba aiki. Shi zai wuni wajen masu man zaitun da yake son ƙulla ciniki da su. 'Yarsa Mahfuza kuwa za ta riƙe yayarsa, Goggo Barira, a yawon zaga Atina, babban birnin Girka. Goggo ba ta jin Turanci, don haka duk abin da mai jagora ta faɗa, Mahfuza ce za ta mayar mata da Hausa. Mahfuza ta ce to, tana murza gefen littafin tarihin Girka da ta kwana biyu tana karantawa.

Mai jagorar wata gajeruwar mata ce, sunanta Dimitra, tana ɗaga lema ruwan ɗorawa don kada a ɓace mata. A cikin bas ɗin masu yawon wata budurwa ta ji Hausarsu ta dawo kusa da su. Mariatu ce, 'yar Zangon Kumasi, tana aiki a wani otal a unguwar Deira ta Dubai, hutu ta zo. Kafin a kai gaban majalisa har ta karɓi jakar Goggo ta riƙe, ta kuma ci rabin dabinon da ke ciki.

A gaban majalisar suka tsaya kallon sojojin gadi masu fararen siket da takalma masu tuntu, suna ɗaga ƙafa sama a hankali kamar masu tsallake kwata.

"Hajiya, dubi mijinki," in ji Mariatu.

"Na bar miki," Goggo ta ce. "Wannan kafin ya sauke ƙafa ɗaya ɓarawo ya ci kasuwa ya dawo."

Daga nan aka wuce filin wasa na farin dutse, sannan aka nufi Akropolis, tsaunin da tsoffin gine-ginen suke a kai. A bakin ƙofa Dimitra ta tara su ta yi dogon jawabi. Mahfuza na ji da rabin kunne, domin idonta ya riga ya hau kan ginshiƙan da ta sani a hoto, ga su yau sun fi ta tsawo nesa ba kusa ba. Ta ji an ce kada a taɓa, kada a ɗauki ko tsakuwa, laifi ne da ke kai mutum wajen 'yan sanda. Da Goggo ta tambayi me aka ce, sai ta ce an ce a kula da santsi. Ta yi niyyar ƙarasa sauran, sai layi ya motsa.

Hawan ya ba Goggo wuya. Da suka kai sama ta nemi inuwa kusa da wata bishiyar zaitun ta zauna, ta ce su je su ga duwatsunsu, ita ta ga nata rabon. Mahfuza ta bi lema zuwa wajen wasu gumakan mata da ke ɗauke da rufin gini a ka. Ta daɗe a can fiye da yadda ta yi zato.

Bayan sun sauko aka taka zuwa sabon gidan tarihi da ke gindin tsaunin, gini na gilashi wanda in ka duba ƙasa kake hango kufan tsohuwar unguwa a ƙarƙashin ƙafarka. Akwai layi a ƙofa, kowa yana ɗora jakarsa a kan na'urar bincike irin ta filin jirgi. Suna cikin layin ne Goggo ta ja gefen mayafin Mahfuza, ta ce azahar ta yi, a nema mata wurin sallah, ta ma samu dutsen taimama.

Ciwon fata ne ya tsattsaga hannuwan Goggo, likita ya hana ta ruwa, shi ya sa take taimama. Tana da dutsenta, wani baƙi mai sulɓi da ta taho da shi daga Kano. Mahfuza ce ta cire shi daga kaya a Abu Hail ta ajiye bayan talabijin, don tsoron kada a tsare su a filin jirgi ana tambaya.

Goggo ta buɗe jaka ta nuna mata. Farin dutse ne, bai kai tafin hannu ba, gefe ɗaya a sassaƙe da layuka masu lanƙwasa kamar ganye. A bayansa akwai wasu ƙananan lambobi da jan fenti.

Mahfuza ta sa hannu ta rufe jakar. Cikin raɗa ta faɗa wa Goggo abin da Dimitra ta ce a ƙofa, wanda ya kamata ta faɗa tun ɗazu. Layi ya matsa. Saura mutum kaɗan a gabansu.

Mariatu ta leƙa ta gani, ta ce, "Asem oo, wannan matsala ce." Sannan ta rage murya ta ce ga tukunyar fulawa nan a gefe, ita za ta tsaya ta kare, Mahfuza ta saka shi ciki, khalas, shi ke nan, babu wanda ya gani. Mahfuza ta dubi tukunyar. Ta dubi kamarar da ke saman ƙofa, ta kasa gane ina ta fuskanta. Duk da haka ta miƙa hannu.

Goggo ta rungume jakarta.

"Kenan yana da masu shi?"

"Goggo, don Allah, ba ni kawai."

"Na ɗauka dutsen Allah ne a yashe. In kayan mutane ne, ba zan jefa a tukunya kamar ƙwallon dabino ba. Kira min mai lemar."

Mahfuza ta roƙe ta. Ta ce za a iya kulle ta, a ƙasar da ko ruwa ba ta iya roƙa da yarensu ba. Goggo ta ce ta ji, amma a kira mai lemar. Mai gadin na'urar ya riga ya fara kallonsu, ya yi musu alama da hannu su matso.

Mahfuza ta je wajen Dimitra. Turancin da take karantawa shafi bayan shafi ya watse mata a baki, sai da ta faro sau uku. Dimitra ta zo ta leƙa jakar, murmushin da ta wuni da shi ya ɗauke. Ta ce kada kowa ya sake taɓa shi. Ta ce dole ta sanar, in ba haka ba aikinta ne zai tafi.

Aka kai su wani ƙaramin ofis mai sanyi. Mariatu ta so binsu aka hana ta. Can sai ga ɗan sanda da wata dattijuwa mai furfura, wadda aka ce ita ke kula da duwatsun tsaunin. Ɗan sandan ya karɓi fasfo ɗinsu ya sa a aljihun gaba ya maɓalle. Dattijuwar ta sa safar hannu ta juya dutsen, ta ga lambobin, ta yi wata magana da yarensu wadda ta sa ɗan sandan ya gyara zama. Wayar Mahfuza ta yi ta kaɗawa a jaka. Ta san Baba ne, ba ta iya taɓawa ba.

Ɗan sandan ya tambayi wa za su sayar wa. Mahfuza ta ce ba sayarwa ba ne, na sallah ne. Ya ce Musulmin da ya sani ba sa yi wa dutse sallah. Ta fara bayanin ruwa da ciwo da tsarki, tana jin kanta tana kwaɓawa, hawaye na taruwa. Goggo ta dube ta, ta gane. Sai ta miƙa hannuwanta a kan tebur, tsagar nan ja duk a fili. Ta tashi ta ɗora tafukanta a jikin bango, ta shafi fuska, ta shafi hannaye, a nutse, kamar tana ɗakinta.

Ɗan sandan ya tambayi me ya hana su yar da shi a waje. Mahfuza ta fassara.

"Ki ce masa in na yar, wa zai san gurbinsa? Ni kaɗai na san inda na ɗauka."

Da aka mayar da wannan, dattijuwar ta ɗago kai ta tambaya ko za ta iya nunawa. Ɗan sandan ya ce in wurin ya yi daidai, zai duba maganar. In bai yi ba, za su wuce ofishinsu tare.

Suka sake hawa, rana ta take. Goggo na tsayawa bayan 'yan taku tana dafa gwiwa, Mahfuza na tallafe da ita, gumin su biyun ya haɗu. A sama komai fari ne, kowane tarin dutse kamar ɗan'uwansa. Goggo ta nufi wata inuwa ta tsaya, ta girgiza kai. Inuwar ta tashi daga inda ta bar ta. Goggo ta juya ta dubi bishiyar zaitun, ta koma ta zauna a inda ta zauna da safe, ta miƙa hannun dama ƙarƙashin wata igiya da aka kewaye wasu gutsattsarin duwatsu da ita. Yatsanta ya tsaya a kan wani gurbi a ƙura.

Dattijuwar ta durƙusa, ta duba lambobin duwatsun da ke gefe, ta sa guntun a gurbin. Ta daɗe a durƙushe. Da ta miƙe ta yi wa ɗan sandan magana a taƙaice. Shi kuma ya yi musu faɗa mai tsawo, wanda Mahfuza ta fassara duka, har da inda ya maimaita. Sannan ya ɓalle aljihu.

Da fasfo ɗin suka dawo hannunta, Mahfuza ta zauna a ƙasa. Wayar ta sake kaɗawa. Ta ciro ta tana kallon sunan, ta kasa dannawa.

"Miƙo nan," in ji Goggo. "Ƙanena ne, ni na goya shi."