Shafi Biyu a Haɗe

…kuma warin man zafi ne, ba shakka shi ne. Man zafi gauraye da gumi, da wani abu mai tsami irin na tsumman da aka manta a jiƙe. Taku ɗaya ne tsakaninsa da mutumin da ya shafe rabin rayuwarsa yana saurare, amma abin da ya fara iske Malam shi ne wari.

Malam ake kiransa domin yara yake koya wa piyano a wata ƙaramar makaranta. Yau ba koyarwa ta kawo shi ba. Yana zaune a hagun Gwani, kan kujera marar hannu, cikin baƙaƙen kaya, kuma aikinsa ɗaya ne: juya shafin littafin kiɗa. Gwani yana kaɗa piyano, 'yarsa tana tsaye a gaba da goge a ƙarƙashin haɓarta, zaure ya cika da jama'a da wannan yammaci. Idan kiɗa ya kusa ƙasan shafi, Malam ya miƙe, ya kai hannun hagu ta sama don kada ya tare wa tsohon ido, ya kama kunnen takarda, ya jira a gyaɗa masa kai, ya juya, ya zauna. Ba a yarda ya yi murmushi ba. Ba a yarda ya lashi yatsa ba. In an gama, jama'a su yi ta tafi, shi kuwa ya noƙe bayan piyano kamar ba a haife shi ba.

Ya miƙe. Ya juya. Ya zauna.

Ga su can suna matsowa… Daga inda yake yana hango su a gefen littafin: shafi biyu, an lanƙwasa kunnuwansu tare.

"Malam, idan mun zo nan, biyu za ka ɗauka a haɗe. Na lanƙwasa maka kunnen don kada ka rikice."

Haka 'yar Gwani ta ce masa ɗazu da safe wajen gwaji, da irin muryar da ake cewa mutum ya rufe taga. Ya duba wurin. Wurin nan ne. Inda goge yake yin shiru, hannun hagu ya taso daga can ƙasa a guje, hannun dama ya bi shi, su yi ta hawa, su yi ta hawa, har mai sauraro ya manta da numfashi.

"Amma, ranki ya daɗe, ai nan ne…"

"Na san ko ina ne. Hannun Baba na hagu ba ya kai shi yanzu. Mun haɗe gaba da baya, zan ja dogon sauti a tsakani, ba mai ganewa."

Ba mai ganewa! Shi kuma Gwani yana gefe a miƙe, takalmi a cire, yana cin ayaba baki buɗe, haƙoran robarsa suna ƙaras-ƙaras. Ko kallon Malam bai yi ba.

"Wa zai gane? Waɗannan? Yaro, ko a faifan ma ban taɓa kaɗa shi a tafiya ɗaya ba. Guntu-guntu na yi shi, masu na'ura suka ɗinke. Miƙo min ƙyallen can."

Yaro… Mutum da furfura a gemu, da 'ya'ya a makaranta. Kuma ya miƙa ƙyallen! Har da ɗan rusunawa. Ƙyalle mai damshi, mai danƙo, ya ɗauka da hannu biyu kamar wata tsaraba.

Guntu-guntu. Ashe guntu-guntu ne.

Shagon kafinta na mahaifinsa, ƙurar katako tana yawo a cikin hasken rana, ga tsohuwar na'urar da kawu ya bari da kwalin faya-fayai. Yana matashi a lokacin, zarto a hannu, ya sa faifan don kawai ya ji abin da ke ciki. Da aka iso wurin nan sai ya tsinci kansa zaune a kan buhun ƙusa, bai san lokacin da ya zauna ba. Mahaifinsa ya ɗago daga ƙofar da yake gogewa: "Kiɗan da ba waƙa, ba rawa, na me ne? Tashi ka riƙe min wannan." Bai tashi ba. A gaskiya tun ranar bai ƙara tashi ba — ya bar zarto, ya bar guduma, ya bar shagon da aka gina dominsa, mahaifin ya mutu yana kiransa mai taɓe-taɓe. Duk saboda ya yarda cewa akwai ɗan Adam guda a duniya da ya iya hawan wannan tudu da numfashi ɗaya. Ashe ɗinki ne? Ashe shi ma aikin kafinta ne, guntu a kan guntu, a shafa gam, a goge bakin haɗin? Da ya sani ai da ya zauna a shago, can ko ba komai ba a ɓoye gam…

An gyaɗa kai. Ya miƙe. Ya juya.

Gumi yana ɗigowa daga hancin Gwani a kan haƙoran piyano, yatsunsa suna bi ta kai suna shafe shi. Ga bayan hannun, duk tabo-tabo, jijiyoyi sun taso kamar igiyar shanya. Ƙaramin yatsan hagu yana rawa ko da ba a sa shi aiki ba. Kuma wannan gurnanin! Tun da aka fara yake yinsa, can cikin maƙogwaro, hmm… hmm… kamar mai fama da ciwon ciki. Jama'a ba sa ji, sun yi nisa. Malam kaɗai ake zuba wa a kunne.

Jama'a… Ya saci kallo ta gefen ido. Wani mai ƙaton agogo a layin gaba ya riga ya tafi, haɓa a ƙirji, leɓe a sake. Wata tana kwance ledar alawa a hankali, a hankali, tana zaton jinkirin yana rage ƙarar, alhali tsawaita azabar yake yi. Wancan ya ɗaga waya yana ɗaukar abin da ba zai taɓa sake kallo ba. Masu tari kuwa kamar sun yi shawara, sai wuri mai taushi suke jira. An cika zaure da turare, an zo a ga juna, a ce an ga Gwani kafin ya mutu. In an cire musu shafi biyu, in an cire goma, in aka kifa littafin aka kaɗa shi daga ƙarshe zuwa farko, tsaye za su miƙe su tafa har tafin hannu ya yi ja. Gwani ya san su sarai. Abin da ya fi ƙona rai ke nan, tsohon bai yi ƙarya ba.

Sai ita. Can tsakiyar zaure, da mayafinta na fita, jaka a cinya, ta ƙura wa Malam ido — ba Gwani take kallo ba, mijinta take kallo.

Matarsa, wadda take kiran wannan kiɗa "na a-dakace-mu," wai irinsa ake sa wa mutum idan ya buga waya ofis aka ce ya jira. Shekara da shekaru tana jin faifan ta bango tana wanke-wanke, tana jin yana tsayar da yara da cokali a baki: ku yi shiru, ga wurin nan, ga wurin nan! Yau ta rufe shagon ɗinkinta da rana tsaka, ta bar kayan mutane a kan keke.

"To, Baban yara, yau dai zan ji wurin nan da ka cika mana kunne da shi. Amma in an iso ka yi min alama, don ni duk ɗaya suke a kunnena, kamar ana zuba tsakuwa a kwano."

Ya ce zai yi mata. Da bakinsa ya ce. Da aka tashi daga gwaji ya kira ta? Ya ce mata ta yi zamanta ta gama ɗinkinta? Ina! Ya riƙe wayar, ya mayar aljihu.

Shafi ɗaya ya rage kafin su.

To in ya ɗauki ɗaya fa? Me zai hana? Lanƙwasa ce kawai, ba gam ba. Ɗan yatsa ya zame, a ce kuskure ne, wane mai juya shafi ne bai taɓa kuskure ba? Shafin ya buɗe a gaban tsohon, baƙi ƙirin da rubutu, kuma idon da ya shekara yana bin takarda ba ya shawara da mai shi. Wataƙila hannun ya tuna. Wataƙila abin yana nan kwance a ƙashi, tsoro ne kawai ya danne shi, in aka tura shi bakin rami ya yi tsalle… Wataƙila kuma ya kife. A gaban mai agogo, a gaban masu waya. Yatsu su harɗe, 'yar ta juyo da bakan goge a sama, zaure ya yi tsit irin tsit ɗin da ba na girmamawa ba.

Kuma Malam yana so ya ga haka? Tsaya. Yana so? Akwai wani abu a cikinsa, can ƙasan ciki, mai ɗumi, mai ƙazanta, da yake cewa e. Kiɗan yake karewa, ko kuwa "yaro" ɗin nan ne bai wuce masa ba? Ƙyallen ne? Tir! Ga shi zaune cikin baƙaƙen kaya kamar mutumin kirki, yana ƙulla wa tsoho mai rawar hannu tarko. Ashe warin ba daga gefe ɗaya yake tasowa ba.

Kuma abin haushin, abin da ba zai yafe ba — kiɗan yana da daɗi. Yanzu, a wannan wuri mai tafiyar hawainiya, hannun daman Gwani yana ajiye kowane sauti kamar mai kwantar da jariri, ba gaggawa, ba nuna gwaninta. 'Yar tana amsa masa da goge, gashi ɗaya ya tsinke daga bakan yana lilo, ga baƙin tabon da katako ya yi mata a wuya tun ƙuruciya. Ba ta kallon ubanta, amma in ya makara da ƙiftawar ido sai ta jira shi, ta rufe gurbin, yadda ake tare wa tsoho hanya ba tare da ya san an tare ba. Daga wannan jiki, daga ayaba da man zafi da haƙoran roba, wannan sauti yake fitowa? Ta ina? Ya fi sauƙi a ce ya lalace gaba ɗaya, mutum ya tofar ya tashi.

Hmm… hmm…

Gurnanin nan. Ya san shi. A ina? A faifan! Can ƙarƙashin kiɗan akwai wata 'yar ƙara da ya ɗauka lahani ce, har ya kai na'urar wajen mai gyara, mai gyara ya buɗe ya rufe ya ce lafiyarta lau. Ashe mutumin ne. Waƙa yake yi. Tun yana saurayi yake rera abin da yake kaɗawa da wannan mummunar murya, masu ɗinki sun ɗinke komai amma sun kasa cire ta.

Layin ƙarshe. Ya miƙe. Gwiwarsa ta yi ƙara. Hannun hagu ta sama, babban yatsa da manuni a kan kunnen takarda, yana jin kaurin biyu, yana jin ɗan bakin da ke tsakaninsu, farce ɗaya ya isa ya raba… Gwani bai gyaɗa kai ba. Juyowa ya yi kaɗan, karo na farko tun safe ya dubi Malam. Ido jajir, mai ruwa, ba umarni a ciki. Irin kallon da mahaifinsa ya yi masa a gadon asibiti lokacin da yake so a kai shi bayi amma ya kasa faɗa.

Ya juya. Biyu, a haɗe.

Gogen ya ja dogon sautinsa, piyano ya yi shiru. Kuma a cikin wannan ɗan shirun, yatsun hagun Gwani suna gudu a saman haƙoran ba tare da sun danna ba, suna hawa, suna tuntuɓe, suna hawa, maƙogwaron yana rera farkon wurin nan, a karkace, a shaƙe, da warin ayaba. Layi ɗaya. Kunne ɗaya ne ya ji a duk zauren. Sai hannayen suka sauka a kan sabon shafi, kiɗa ya wuce kamar ba a binne komai ba.

Malam ya zauna. Tausayi ne ya juya shafin, ko tsoro? Ko dai hannun ne kawai ya saba yin abin da aka ce masa, kamar yadda ya miƙa ƙyalle?

Can tsakiyar zaure ta ɗaga gira. Ta ɗan karkato kai, leɓunanta suna motsi ba sauti: nan ne?

Kansa ya sauka, ya ɗago. Ya gyaɗa mata.

Ta gyara zama, ta rufe ido, ta haɗa hannu a kan jaka, tana saurare da dukkan zuciyarta, tana neman abin da ya raba mijinta da ubansa a cikin wani wuri na cike gurbi da ba komai a cikinsa. Har murmushi take yi. Anjima a hanyar gida za ta ce lallai akwai daɗi, Baban yara, yanzu na gane… shi kuma ya ce mata me?

Gumi yana bin bayansa. Yatsunsa biyu suna warin man zafi, bai san lokacin da ya shafo ba. Littafin da sauran kauri. Ga ƙasan shafi yana matsowa kuma, dole ya miƙe… dole ya…