Madubin da Ya Saya Don Ɓeraye

Komai ya canza ne wata Talata, ranar da ya shiga gari sayen madubin bindiga, irin wanda ake ɗaura mata don hango abin harbi.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran rubutu a maɗaba'a, har abokan aiki suka laƙaba masa Jan Biro, sunan kuma ya biyo shi gida bayan ritaya. Ya karanta littattafan da masu rubuta su ma ba su sake buɗewa ba, ya fito daga cikinsu da ra'ayi guda: yawancin mutane ba su san abin da suke faɗa ba. Matarsa ce kaɗai ba ta shakkar bakinsa, don nata ya fi kaifi.

Ɓeraye ne suka addabi akurkin kajinta, taku goma daga ƙofar kicin. Su sha ƙwai, su ja 'yan tsaki. Ta hana sa guba saboda kajin, tarko kuwa ɓerayen sun haddace shi. Sai ya zaro tsohuwar bindigar iskarsa daga bayan kabad, ya goge ta, ya yi kwanton ɓauna a kan kujera. Amma ido ya tsufa. A mako guda ya huda kwanon ruwan kaji sau biyu, ɓera ko gashinsa bai taɓa ba.

"Malam," in ji ta, tana ɗaga kwanon sama, rana na leƙowa ta hudojin, "kwanon nan ƙwai nawa ya sha maka?"

Shi ya sa ya tafi neman madubi.

Mai shagon wani ƙaton mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ke ɓata wa Jan Biro rai. Ya tambaye shi nisan harbin, ya ce taku goma.

"To Baba, ga naka." Ya ajiye wani ɗan gajere a kan kanta. "Sau huɗu yake kusanto da abu. Don bindigar iska aka yi shi. Ka san ita gaba da baya take girgiza, madubin da ba nata ba 'yan kwanaki ne hanjinsa ya tsinke."

Jan Biro bai ko dubi ɗan gajeren ba. Idonsa na kan wani dogo mai faɗin baki a cikin gilashi.

"Wancan fa?"

"Sau ashirin da huɗu. Na masu harbin nesa ne. A taku goma dishi-dishi kawai za ka gani. Ɓera zai hau takalminka yana gyaran gashin baki, kai kana can kana nemansa."

"Na karanta cewa gwargwadon faɗin gilashi, gwargwadon hasken da yake tarawa."

"Haka ne, Baba. Amma shi littafin, ya taɓa harbin ɓera?"

Da mutumin bai yi wannan tambaya ba, da ɗan gajeren zai saya. Ya sa aka naɗe masa dogon.

Da la'asar ya shiga ɗakin littattafansa, wanda tagarsa ke duban bayan gida. Filin siriri ne, dogo: akurki a nan kusa, igiyar shanya, sai can ƙurya jikin katanga, taku tamanin, lambun matarsa na tumatir da barkono. Kafin ya ɗaura madubin a kan bindiga ya ɗora shi a bakin taga, ya saita akurki. Dishi-dishi. Ya murɗa nan, ya murɗa can, dishi-dishin nan dai. Ƙaton ya yi gaskiya, abin da ya fi komai ciwo ke nan.

Cikin haushi ya ɗaga bakin madubin zuwa ƙurya, sai duniya ta washe tar. Ya ga jijiyoyin ganyen tumatir. Ya ga tururuwa na hawa katanga ɗauke da ƙwaya. Sai ya ga matarsa.

Ta ajiye bokitin ruwa, hannu ɗaya dafe da katanga, ɗayan ta danna shi a ƙirji. Bakinta a buɗe, tana jan iska kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Leɓɓanta sun yi duhu. Ta sulale ta zauna a kan wani bulo, ta daɗe a haka. Can ta waiwayo ta dubi gidan, ta share gumi da bakin zani, ta gyara ɗaurin kallabi. A kan idonsa ta ɗauko fuskar da ya sani shekara talatin da takwas, ta sa, kamar mai sa riga.

Jim kaɗan ta shigo tana 'yar waƙa.

"Iye! Wannan na ɓera ne ko na ganin wata?"

"Ba fanninki ba ne," ya ce. Abin da ya fito ke nan.

A maɗaba'a akwai ƙa'ida biyu da ya rayu a kansu, har ya koya wa na baya. Ta farko, ba a sa jan biro sai an tabbatar; a karanta, a sake karantawa. Ta biyu, mai gyara ba ya tunkarar marubuci ido da ido, don kowa na kare kuskurensa in aka nuna masa a fili. Alama ake yi a gefen shafi, a bar mai rubutu ya gano da kansa, mutuncinsa na nan. Da wannan ya zauna lafiya da farfesoshi da mawaƙa masu ji da kai. Bai san wata hanyar ba, sai ya bi ita.

Ya fara da sake karantawa. Kullum la'asar yana bakin taga. Kullum abu ɗaya: bokiti, katanga, ƙirji, bulo, sannan fuskar. Ya sauko da wani tsohon littafin likitanci da ya taɓa gyarawa, ya samu cututtuka bakwai da suka dace, ya tsaya tantance wanne ne.

Sannan ya shiga yin alama a gefen shafi. Ya kai kujerar roba jikin katanga, ya ce wurin kwantonsa ne, ɓeraye ta can suke shigowa. Washegari ya gan ta a kai, ya ji daɗi kamar ya warkar da ita. Ya sayo tiyo mai tsawo ya ja daga famfo har lambu, ya ce bokitanta ne ke shayar da ɓeraye. Wata safiya, yana fakewa da jarida, ya ce yana tunanin zuwa a auna jininsa, ko za ta raka shi, tunda an je sai a auna kowa.

"Ni me ya same ni? Kai dai je ka, ka ce su duba idon nan tukuna."

Ya bar maganar. Marubuci ya ƙi gyara, a ganinsa sai a jira bugu na gaba.

Ɓeraye kuwa sun samu sarari. Daga 'yan tsaki goma sha ɗaya saura huɗu. Ƙanwar matarsa, wadda ke zuwa duk mako, ta same su ana tsaka da rigima a kan haka.

"Yaya Jan Biro, an ce ka sayo madubin da ke hango gobe, amma ba ya ganin yau."

"Ke ma an ce kin yi shiru sau ɗaya, ban dai samu shaida ba."

"Bar shi," in ji matar. "Mai shagon ya ce a mayar a canza, na aika an tambaya. Girman kai ne kawai. Malam, don Allah ka mayar da abin nan ka karɓo ƙaramin. Kajina ake cinyewa."

"Ba zan mayar ba."

"Saboda me?"

Ga ƙofar magana ta buɗe masa da hannunta. Tana tsaye taku uku daga gare shi, fuskar nan a ɗaure tsaf, ba alamar komai. Ya dube ta, ya dubi ƙanwar, wadda ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta. Ya ji in ya faɗa, dole ya faɗi sauran: cewa mako bakwai yana leƙenta ta taga kamar ɓarawo, cewa tsoro ne ya cika masa ciki, shi da bai taɓa cewa yana tsoron komai ba.

"Saboda ni na zaɓa," ya ce.

"Allah ya ba ka haƙuri, Shehin malami. Ka zauna da zaɓinka."

Kwana tara bayan nan, yana bakin taga, ya ga ta zauna a kujerar kamar kullum. Tiyo na hannunta, ruwa na zuba a gindin barkono. Sai tiyon ya suɓuce, ya shiga watsa mata ruwa a ƙafa, ba ta janye ƙafar ba. Ya jira ta waiwayo ta gyara kallabi. Har a lokacin, Allah ya sani, sai da ya murɗa madubin ya ƙara tabbatarwa.

Taku tamanin ne. Bai san ya yi tsufan da za su zama tafiya ba sai ran nan.

Kwana uku ta yi a asibiti, ba ta buɗe ido ba. Likitar, wata mai magana a hankali, ta ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana ba da sanarwa. Ta tambaye shi ko bai lura da wani abu ba a 'yan watannin nan, haki, ko yawan zama. Ta yi tambayar ne don ta sauƙaƙa masa, ta riga ta shirya cewa ai irin wannan ba a cika gani ba. Ya dubi takardar da ke hannunta, ya ga an rubuta sunan matarsa da kuskuren harafi ɗaya. Bai gyara ba. 

Da 'yan zaman makokinta suka watse, gida ya koma nasa shi kaɗai, ƙanwar ta zo kwashe kajin da suka rage. Ta kama su ɗaya bayan ɗaya tana sawa a kwando, shi yana tsaye a ƙofar kicin.

"Yaya, kada ka ɗora wa kanka," ta ce, ba ta dube shi ba. "Ta sani tun bara. Ni ta gaya wa, ta sa na rantse. Na ce ki gaya wa mijinki, ta ce in ya sani ba zai iya ba, bakin ne kawai da shi, cikin ba ƙwari."

Ta cafko wata kaza, ta ci gaba.

"Har dariya take yi. Ta ce ɓoye wa Malam abu ba wuya, in dai ba a rubuce yake ba, ba zai gani ba. Ranar da ka kai kujerar nan ta ce mini, kin ga ikon Allah, yana farautar ɓeransa ya yi mini alheri bai sani ba." Ta ɗaure bakin kwandon, ta share ido da bayan hannu. "Ta tafi hankalinta kwance, wallahi. Tana ganin ta raba ka da wahala."

Ya taya ta ɗaukar kwandon har bakin titi, ya tsaya har ta samu mota. Da ya dawo bai shiga ɗaki ba. Ya bi ta gefen akurkin da ba kowa, ya wuce igiyar shanya, ya tafi a hankali har ƙurya. Barkonon ya fara yaushi. Daga nan ya juya ya dubi gidan, karo na farko daga inda take dubansa. Tagar ɗakin littattafai 'yar ƙarama ce, baƙa, ba a ganin ko akwai mutum a ciki.

Shi da ya gyara jimlolin mutane dubbai, wadda ta rage masa gajera ce, ba inda za a sa mata jan biro, kuma ba wanda zai gaya wa: na gan ki, tun ranar farko, kujerar nan taki ce.